Tambaya: Za a iya sa wa BMW 330Ci mai giyar otomatik palet a bayan sitiyari?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa na wannan zaure. Tambayata ga masu aikin lantarkin mota ce da kuma waɗanda suka daɗe a kan hanya, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin na fi son in zayyana komai tun farko.

Wata bakwai ke nan da na sayi BMW 330Ci ƙirar 2004 mai ƙofa biyu, wadda aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Duwala bayan ta yi zamaninta a Turai. Injinta mai silinda shida ne, lita uku, giyarta kuma otomatik ce mai hawa biyar, irin wadda kamfanin ke kira Steptronic. Idan na tura sandar giya daga D zuwa hagu, motar takan ba ni dama in ƙara giya ko in rage da hannuna, lambar giyar kuma ta fito a tablo, wato allon da ke gaban direba, daga M1 zuwa M5. Wannan yana aiki lafiya lau, ba ni da ƙorafi a kansa.

Abin da nake so shi ne 'yan marikan nan biyu da ake sawa a bayan sitiyari, waɗanda masu Faransanci ke kira palet, na dama ya ƙara giya, na hagu ya rage. Ba don ado kaɗai nake nemansu ba, ko da yake ba zan ɓoye cewa suna burge ni ba. Sau biyu a wata nake zuwa Ngaundere ɗauko kaya, kuma a hanyar dawowa, idan na zo gangaren Mbe, kwana na bin kwana ga tirela a gabana tana rarrafe, sai in ga dole in saki sitiyari da hannun dama in lalubi sanda. Hakan ba ya kwanta mini.

Wani mai sayar da kayan kwancen mota ya ce yana da sitiyarin BMW M3, 'yar uwar motata mai ƙarin gudu, mai palet, har da jakar iskarsa, kuma a cewarsa a kwance nawa kawai a ɗaura wancan, kafin in gama shan shayi an gama. Wani mai lantarki ya ce sam ba zai yiwu ba sai an canza ƙwaƙwalwar giya. Na uku ya ce a sa, motar ma za ta ƙara gudu. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Aikin zai iya cutar da giyabos? Kuma oda da maɓallan rediyo za su ci gaba da aiki?

Mai Lantarki, Marwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Biyu daga cikin mutanen nan sun ɗan taɓa gaskiya, na ukun kuwa ciniki kawai yake nema, domin palet ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya, ba ya kuma sa giya ta shiga da sauri fiye da yadda take shiga yanzu.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin sandar giyarka akwai wasu 'yan makunnai ƙanana. Ɗaya yana shaida wa ƙwaƙwalwar giya cewa ka koma layin hagu, sauran biyun kuma, duk lokacin da ka tura sanda gaba ko ka ja ta baya, ɗayansu yana haɗa wayarsa da mas, wato jikin ƙarfen mota, na ɗan lokaci kaɗan. Wannan taɓawar ita ce dukan maganar da ke tsakanin hannunka da giyabos. Palet ba wani abu ba ne illa makunni na biyu da aka jingina wa na farko, kamar ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya da aka sa wa makunni a bakin ƙofa da wani a bakin gado. Ƙwaƙwalwa ba ta san wanda ya taɓa ba, saboda haka babu dalilin canza ta, babu kuma wata cuta da za ta sami giyabos wadda sandar ba ta iya jawowa. Sai dai ka sani tun yanzu, idan aka yi haɗin ta wannan hanya, palet ba zai amsa ba sai sanda tana layin hagu. Kana D ka ja shi, shiru za ka ji.

Wanda ya ce maka sai an taɓa ƙwaƙwalwa, motocin baya-bayan nan yake tunani. A cikinsu saƙon palet yana bi ta wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wuyan sitiyari, daga nan ya shiga layin sadarwar mota da ake kira CAN, kuma sai an jona na'urar bincike, wadda muke kira baliz, an shaida wa motar cewa yanzu tana da palet. Taka ba ta kai wannan zamanin ba ta wannan fuska, kuma sa'arka ce.

Inda aikin yake da wuya shi ne sitiyari yana juyawa, waya kuwa ba ta son juyi. A bayan sitiyari akwai wani baƙin zobe na roba, a cikinsa an naɗe wata faffaɗar waya siririya kamar tef ɗin awon tela, tana warwarewa tana naɗewa yayin da kake juya mota. Ta cikinta wutar jakar iska da ta oda da ta maɓallan rediyo suke wucewa, kowace da layinta. Palet yana bukatar nasa layukan, don haka ko dai a samo zoben motar da aka ciro sitiyarin daga jikinta, ko kuma a buɗe naka a duba ko akwai layukan da ba a amfani da su. Ka koma wurin mai kayan ka ce ya haɗa maka da zoben, da kuma soket ɗin da ke shiga bayansa tare da guntun wayoyinsa ko da tsawon taƙi ɗaya ne. Idan an samu wannan, oda da maɓallai suna nan yadda suke. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne aron layin jakar iska.

Sai kuma a auna palet ɗin kansa. Giyabos ɗin M3 mai palet, wanda ake kira SMG, ba ɗan uwan naka ba ne. Giyar hannu ce mai hawa shida da kuloci, sai dai matsin mai da ƙwaƙwalwa ke taka kulocin a madadin ƙafar direba, naka kuwa otomatik ne na ainihi mai tukunyar mai tsakanin inji da giya. Wato an ƙera palet ɗin nan ne don ya yi magana da wata ƙwaƙwalwa dabam. Akwai palet da makunni ne zalla, akwai kuma wanda aka sa wa rezistans, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, a ciki don saƙon ƙari da na ragi su bambanta ta ƙarfin wuta. Mita, wato na'urar auna wutar lantarki, ita ce ke raba gardama: a ɗora sitiyarin a kan tebur, bayan an cire jakar iska an kai ta nesa, a ja kowane palet a ga abin da mita ta nuna. Haka wayoyin da ke ƙarƙashin sanda, ban yarda a dogara da launinsu ba, sai da taswirar wayoyin motar da gwajin mita, musamman da yake a shekarun farko na wannan samfuri tura sanda gaba ne ke ƙara giya, daga baya kamfanin ya juya tsarin. Wanda ya kwafi aikin wata motar ido rufe yana iya wayar gari na dama yana ragewa, na hagu yana ƙarawa.

Wata magana da nake yawan faɗa da yarana a kanta: a liƙe haɗin da dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji wuta. Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin tef ba aiki ba ne a ƙasarmu. Motar da ta wuni a ranar Afrilu a Garwa, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, tef ɗin yana narkewa ya zama kamar ƙaro, ƙura ta manne masa, wata rana wayar ta taɓa ƙarfe da kanta, giya ta sauka ba wanda ya ce ta sauka.

Tsohon Direba:

Ɗana, na karanta bayaninka, na kuma karanta na Malam mai lantarki, Allah ya ƙara masa basira. Ni ban san waya ba, amma gangaren da kake magana na bi shi da babbar mota tun kafin a ƙera wannan taka, don haka bari in ce wani abu a kan dalilin da ka kawo.

Ngaundere tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku, Garwa kuma tana kwarin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba, kuma kaso mai yawa na wannan saukar a gangaren nan ake yinsa cikin ɗan gajeren zango. Abin da aka koya mana shi ne tun a sama ake zaɓen giya, kafin hancin mota ya sunkuya. Ka sa ta uku ka bar inji ya riƙe motar, inda kwana ta matse ka sauko ta biyu tun kana kan miƙaƙƙen wuri, birki kuma ka riƙa taɓa shi kana saki don kada ya yi zafi ya daina kamawa. Idan har kana tsakiyar kwana ne kake neman giya, to ba sanda ce ta yi maka nisa ba, shiri ne ka makara da shi, kuma palet ba zai gyara makara ba. Ina ma tsoron ya sa ka saba da rage giya a cikin kwana, alhali motarka da ƙafafun baya take turawa, kuma ranar da aka yi yayyafi ko tanka ta zubar da gas a kwalta, bayanta yana iya zamewa.

Ban ce kada ka sa ba, kuɗinka ne kuma marmarinka ne, mu ma da muna samari mun sa wa motoci abin da ya fi wannan rashin dalili. Amma ka faɗa mana, yaushe rabonka da canza man birki? Mai ne da ke shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma wanda ya tsufa yana iya tafasa a irin wannan gangare, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse. Tayoyinka kuma shekararsu nawa? Motar nan gajeriya ce, cikinta kusa da ƙasa, ramukan hanyarmu ba sa raga mata. In da ni ne, da waɗannan zan fara.

Matashin Kusuri:

Baba, a gafarce ni in ɗan kare palet. Ba abin wasan yara ba ne, daga tseren Formula 1 ya fito. A 1989 kamfanin Ferrari ya fito da motar tsere mai lamba 640 wadda ake canza mata giya daga bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Barazil. A 1997 suka kawo tsarin cikin motar titi, F355. Dalilin kuwa shi ne wanda Yaya Ɗan Garwa ya faɗa, hannu biyu su zauna a kan sitiyari. Sannan Yaya, na ga ana sayar da wasu palet na alminiyam a intanet da arha, ana manna su da gam ba tare da an kwance komai ba. Me zai hana ka gwada waɗannan?

Mai Lantarki, Marwa:

Tarihin da ka kawo haka yake, ƙanena, amma waɗancan na mannawa ƙarin tsawo ne kawai ga motar da ta riga ta zo da palet, babu makunni a cikinsu, babu waya. In ya manna su a sitiyarinsa ya sami wurin rataya carbi, shi ke nan. Akwai dai wasu masu aiki ba waya, da ɗan batir a jikin sitiyari da akwatin karɓar saƙo kusa da sanda, kuma suna raba mutum da wahalar zobe, sai dai ni ban son abin da amsawarsa ta dogara da ƙaramin batir da ke gasuwa a rana kullum.

Bakanike, Njamena:

Sallama ga kowa, da gaisuwa ta musamman ga Alhaji direba. An yi maganar waya an yi ta tuƙi, ni kuma jakar iskar nan da mai kaya ya ce zai haɗa da ita ce ta hana ni wucewa ban yi magana ba.

Motoci masu yawa na waɗannan shekaru, na kamfanoni daban-daban, an sa musu jakar iska ta kamfanin Takata na Japan. Sinadarin da ke hura jakar, amoniyam naitiret, yana lalacewa idan ya daɗe yana shan zafi da danshi, kuma idan ya lalace, ranar haɗari yakan tashi da ƙarfin da ya wuce kima, ya fasa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzan su nufi fuska da wuyan direba. Mutane sun mutu ta haka, an janye miliyoyin motoci a duniya don canza musu, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. A watan Mayu na 2023 BMW ta gargaɗi masu motoci kusan 90,000 a Amurka da su daina tuƙa su har sai an canza musu jakar direba, kuma samfurin nan naka na shekarun 2000 zuwa 2006, har da M3, yana cikin jerin. Yanzu ka tuna inda motocinmu suke biyowa: su yi makonni a danshin Duwala, sannan su hau arewa su ƙare rayuwarsu a zafin da ka sani.

Motarka tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, kuma da ita ake duba ko tana cikin waɗanda aka janye da kuma ko an riga an canza mata. Wannan ya kamata ka yi shi ko da ka fasa sa palet. Amma jakar da ke kan shiryayyen mai kayan kwance ba ta da lambar shasi a goshinta. Ba ka san motar da ta fito ba, ba ka san damina nawa ta yi a fili ba. Shawarata ka sayi sitiyarin ba tare da jakarsa ba, a gwada ko taka za ta zauna a gurbin kuma soket ɗinta ya dace, bayan ka tabbatar da lafiyarta. Kada garin neman gira a rasa ido, kuma a nan ba karin magana kaɗai ba ne.

Ranar aikin, a fara daidaita tayoyin gaba su kalli gaba sak, a cire mukulli, a kwance wayar mas ta batir, wanda a motarka yana cikin but ta dama, a kuma dakata 'yan mintoci kafin a taɓa komai. Jakar da aka ciro a ajiye ta fuskarta tana kallon sama, kada kowa ya kusance ta da mita. Kada a kunna mota jakar tana cire, in ba haka ba fitilarta za ta kama a tablo, ba kuma za ta mutu ba sai da baliz.

Zoben nan da Malam ya yi bayani yana da tsakiya, kuma juyinsa yana da iyaka ta kowane ɓangare. Bara wani yarona ya cire sitiyarin wata mota, ya bar zoben ba tare da ya kafe shi da tef ba, ɗan maigadi ya zo ya yi ta juya shi yana jin daɗin ƙararsa. Aka mayar da sitiyari ba wanda ya lura. Mai motar bai fita daga layinmu ba, ya karya kan mota zuwa dama har ƙarshe, muka ji ƙas kamar an karya tsinke, oda ta mutu, fitilar jakar iska ta kama. Daga aljihuna na sayi wani zoben, kuma sai da na jira shi mako uku.

Tunda za ka riƙa riƙe mota da giya a gangare, ka duba man giyabos ɗinka ma. Waɗannan motoci wasu giyabos ɗin ZF na Jamus ke cikinsu, wasu na GM, kowanne da irin mansa, kuma alamar tana jikin giyabos ɗin. Ba su da sandar awon mai, ta ƙasa ake dubawa, inji yana aiki, man kuma yana tsakanin digiri 30 zuwa 50. A garinku da bazara wannan aikin sassafe ne, domin da hantsi ya yi man ya kusa wuce awon tun ba a je ko'ina ba.

Ɗan Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganarka ta kama ni, domin tun da na sayi motar ban taɓa man birki ba, kuma da na buɗe murfin jiya na tarar ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. An canza shi yau da safe. Batun zaɓen giya tun daga sama kuma na karɓa, zan gwada a tafiyar mako mai zuwa.

Na koma wurin mai kayan. Zoben yana nan, amma soket ɗin bayansa sun yanke shi dab da jiki, sai da ya sa yaronsa ya tono ragowar a cikin wani buhu. Da na ce ba na son jakar iskar ya yi mamaki, ya ce ai ita ce mai tsadar, daga baya dai ya rage mini kuɗi. Palet ɗin dama yana yin ƙas mai kyau idan an ja shi, na hagu kuwa yana da ɗan nauyi, ba ya komawa da sauri. Lambar shasi na kwafe ta daga takardar mota, yau da dare zan duba. Malam mai lantarki, wannan na hagun ana iya gyara shi, ko in mayar masa da kayansa? In ana iyawa, zan taso Marwa ranar Asabar bayan sallar asuba.

Mai Lantarki, Marwa:

Yawanci ƙura ce ta haɗu da tsohon giris, ana buɗewa a wanke, in kuma ɗan makunnin ne ya gaji, ana samun irinsa. Ka yi da mai kayan cewa in mita ta nuna ya mutu za ka dawo masa da shi. Ka kafe zoben da tef yadda yake kafin ka sa shi a but, ka zo da guntun soket ɗin da sakamakon lambar shasin, kuma ka shirya wuni, don ba na yin wannan aiki ana tsaye a kaina ana duba agogo.